Yadda Ake Kankare Tsatsar Wilin Mota

Ƙafar mota abu biyu ne a haɗe. Akwai taya, watau baƙar robar nan da ke taka ƙasa. Akwai kuma ƙarfen da aka sa tayar a jikinsa, wanda ake ɗaure wa mota da noti. Shi wannan ƙarfe kanikawa suna kiransa wili, waɗansu kuma su ce rim. Taya takan cinye a sake wata, amma wili yana iya yin shekaru masu yawa in ana kula da shi. Babbar abokiyar gabansa ita ce tsatsa.

A wannan darasi za mu ga yadda ake kankare tsatsa da tsohon fenti daga jikin wili da wani inji mai feshi, da yadda ake sake masa fenti. Za mu ga kuma haɗarin da ke cikin aikin, gama ya kashe mutane da yawa waɗanda ba wanda ya gargaɗe su.

Me ke kawo tsatsa?

Duk wanda ya taɓa mance fartanya a gona da damina ya san tsatsa. Abu uku ne ke haɗuwa su haife ta: ƙarfe, da ruwa, da iska. In ɗaya daga cikinsu bai samu ba, tsatsa ba ta fitowa. Amfanin fenti ke nan. Shi ne rigar ƙarfe, yana hana ruwa da iska su taɓa shi.

To, wili kullum cikin wahala yake. Tsakuwar hanya tana dukansa, taɓo yana manne masa, mai faci kuma yana karce shi da ƙarfe duk ran da ya cire taya. Da fenti ya ɓare ko da kamar ƙwayar gero, sai ruwa ya shiga. Tsatsa kuwa ta fi ƙarfen da ta ci girma, don haka sai ta kumbura ta ɗaga fentin da ke kusa, ruwa ya ƙara samun ƙofa. Da haka take ci gaba a ƙarƙashin fenti, ido bai gani ba.

Ɓarnar da take yi iri uku ce. Na farko, tana cin leɓen wili inda taya ke zama. Yawancin tayoyin zamani ba su da roba ta ciki, leɓen nan ne ke riƙe iska. In ya yi kaushi sai iska ta riƙa zurarewa, direba ya yi ta zuwa wurin mai faci, a duba taya a rasa huji. Na biyu, tana rage kaurin ƙarfe har ya kasa ɗaukar kaya. Na uku, tana rufe tsaga. Wili mai tsaga yana iya karyewa ana cikin gudu, da mutane cike da mota.

Waɗansu sukan sayi fenti su shafa a kan tsatsar. Wannan asarar kuɗi ce, kamar a yi wa bango yaɓe a kan gara. Tilas ne a kankare har a ga farin ƙarfe tukuna.

Wili iri biyu ne

Akwai na ƙarfe, akwai na alminiyam. Na ƙarfe ya fi nauyi, ya fi araha, shi ne ake yawan gani a manyan motoci da motocin haya. Na alminiyam ba shi da nauyi sosai, yana ƙyalli, amma ya fi laushi. Ba ya yin jar tsatsa, sai dai wani farin gari kamar toka yakan fito masa, ya ɗaga fenti, ya bar ƙananan ramuka.

In kana so ka rarrabe su, nemi mayen ƙarfe ka kara. In ya manne, na ƙarfe ne. In ya faɗi, na alminiyam ne. Sanin wannan wajibi ne kafin a fara aiki, domin abin da zai wanke na ƙarfe yana iya lalata na alminiyam.

Injin feshi

Mutanen da ke bin hanyar hamada sun san abin da iska ke yi in ta kwaso yashi. Tana cin dutse, tana dushe gilashin mota. Wannan aiki na iska shi ne aka mayar cikin inji. Wani mutumin Amurka, Benjamin Tilghman na birnin Filadelfiya, shi ne ya sami takardar shaidar ƙirƙiro dabarar a shekarar 1870.

Injin kashi huɗu ne. Akwai injin iska, irin na mai faci amma ya fi girma. Akwai tukunyar ƙarfe da ake zuba abin feshi a ciki. Akwai tiyo mai kauri. A bakin tiyon kuma akwai ɗan bututu mai tsukakken baki. Iska tana fitowa daga injin da ƙarfi, ta kwashi abin feshin, ta bi tiyo, ta fito ta tsukakken bakin nan da gudu. Kowace ƙwaya ta bugi wili sai ta ɓanɓare ɗan fenti ko 'yar tsatsa. Ƙwaya ɗaya ba ta yin kome, amma dubbai ne ke fitowa kafin ƙiftawar ido.

Ku gwada ƙarfin iskar da abin da kuka sani. Iskar da ake sa wa tayar ƙaramar mota takan kai awo 30 zuwa 35 a ma'aunin masu faci. Ta wannan inji kuwa, in wilin ƙarfe ake wankewa, takan kai awo 90 zuwa 100. In na alminiyam ne sai a rage ta wajen rabi. Don haka ba a nuna wa mutum bakin tiyo, ko da wasa, gama feshin yana iya sale fata, yana iya fasa ido.

Feshi ya fi samfefa da abu biyu. Yana shiga lungu da ramin da hannu ba ya kaiwa. Sa'an nan yana barin jikin ƙarfe da ɗan kaushi, fenti ya sami abin kamawa. Magina ma sukan karce bango kafin su yi yaɓe, don wannan dalili.

Ƙurar yashi

Da farko da yashi ake wannan aiki, shi ya sa har yau ake ce masa feshin yashi. Yashi ba shi da tsada, kowane rafi akwai shi. Amma araha ba ta ado.

Yawancin yashi wani farin dutse ne mai tauri wanda masana ke kira silika. In ƙwayar yashi ta bugi ƙarfe da gudu sai ta farfashe ta zama ƙura. Ƙurar da ido ke gani hanci da maƙogwaro sukan tare ta, a fyace ko a tofar. Amma akwai wadda ta fi ƙwayar yashi ƙanƙanta sau ɗari, ido ba ya ganinta. Ita ce ke wucewa har can ƙarshen huhu ta zauna. Jiki ba ya iya narkar da ita, ba ya iya fitar da ita. Sai huhu ya yi tabo a kewayenta, tabo a kan tabo, har ya yi tauri ya kasa buɗewa.

Likitoci suna kiran wannan ciwo silikosis, watau ciwon ƙurar dutse. Yana farawa da tari da haki in mutum ya yi ɗan aiki. Daga baya ko tafiya zuwa bakin ƙofa sai ta gagara, mutum ya rame. Wanda ke shaƙar ƙurar kaɗan kaɗan yakan yi shekara 10 ko fiye kafin ciwon ya bayyana. Mai feshin yashi kuwa da yawa yake shaƙa, don haka cikin 'yan shekaru, wani ma cikin watanni, yana iya kwantawa. Ku riƙe wannan da kyau: ciwon ba ya warkewa. Ko mutum ya bar aikin, tabon yana nan, yana iya ci gaba. Huhun da ya kamu kuma tarin fuka ya fi saurin shigarsa.

A shekarar 1949 gwamnatin Ingila ta kafa dokar hana wanke kayan ƙarfe da yashi. A 1974 hukumar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka ta ba da shawara a hana shi a can ma. A 1997 hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sa ƙurar silika cikin abubuwan da ke kawo ciwon dajin huhu.

Duk da haka mutane ba su daina ba. A ƙasar Turkiyya, samari da yawa sun bar ƙauyukansu sun tafi birnin Istanbul neman kuɗi. Suka sami aiki a ƙananan ɗakuna marasa taga, suna fesa wa wandunan jins yashi don su yi fari-fari kamar sun tsufa, gama haka masu saye ke so. Da yawansu ba su kai shekara 30 ba huhunsu ya lalace, waɗansu suka mutu. A 2009 gwamnatin ƙasar ta hana wannan aiki. Ko wando ake fesa wa, ko wili, ƙurar ɗaya ce.

Abin da ake fesawa maimakon yashi

Yanzu akwai abubuwan da ake sayarwa a buhu musamman don wannan aiki.

Akwai tsakin ƙarfe. Yana da ƙarfi, yana cin tsatsa da sauri, ana tara shi a sake amfani da shi sau da yawa. Na wilin ƙarfe ne kaɗai. In aka fesa wa na alminiyam, ɓurɓushinsa yakan nutse cikin jikin wilin, daga baya ya yi tsatsa a ƙarƙashin fenti.

Akwai garin wani jan dutse da ake kira ganet. Shi ma yana wanke ƙarfe sosai.

Akwai garin kwalba, da ƙananan duwatsun gilashi masu kama da ƙwayar gero amma sun fi ta ƙanƙanta. Su ne suka dace da alminiyam. Wani zai ce, ashe ba da yashi ake yin kwalba ba? Haka ne. Amma wuta ta narkar da shi ta sauya halinsa, don haka ƙurar kwalba ba ta yi wa huhu irin ɓarnar ƙurar yashi.

Akwai kuma masu laushi, kamar garin roba, da ɓawon 'ya'yan itace mai tauri, da totuwar masara da aka niƙa. Waɗannan suna cire fenti ba su ci ƙarfe ba, amma ba su iya tsatsa mai kauri.

Kada ku ɗauka cewa da an bar yashi an huta. Kowace ƙura cuta ce ga huhu. Tsohon fentin da ake kankarewa ma yana iya ƙunsar dalma. Mun san abin da ƙurar dalma ta yi a ƙauyukan Zamfara a shekarar 2010, inda yara wajen 400 suka mutu saboda niƙan dutsen zinariya a cikin gidaje. Dalma ta fi cutar da yara ƙanana, kuma a jikin tufafi ake iya kai musu ita gida.

Yadda mai aiki zai tsare kansa

Hanya mafi kyau ita ce a yi feshin a cikin akwati. Akwatin ƙarfe ne a rufe ruf, da tagar gilashi a sama, da ramuka biyu masu dogayen safar hannu na roba. A sa wili a ciki a rufe. Mai aiki yana waje, ya zura hannuwansa cikin safar, yana leƙe ta gilashi. Wani inji kuma yana zuƙe ƙurar yana tarawa. Wilin ƙaramar mota yana shiga irin wannan akwati.

Wata hanya ita ce a haɗa feshin da ruwa. Ruwa yana kama ƙura ya kwantar da ita ƙasa.

In wilin babba ne har sai an yi a fili, tilas mai aiki ya sa hula mai rufe kai da wuya da kafaɗa, wadda ake turo mata iska mai tsabta ta wani tiyo dabam. Rawani ko ƙyalle a hanci ba ya tare ƙurar nan, ta cikin saƙar take wucewa kamar ruwa a rariya. Ya sa safar hannu ta fata, da riga mai kauri, da takalmi rufaffe. Ya toshe kunnuwansa, gama ƙarar injin tana kurmantar da mutum sannu a hankali.

Kada a yi aikin kusa da gidaje, ko mai abinci, ko inda yara ke wasa. In an gama kada a share wurin a bushe, a yayyafa ruwa tukuna. Kada a kakkaɓe jiki da iskar inji. Mai aiki ya tuɓe kayan aiki a wurin aiki, ya wanke hannu da fuska kafin ya ci abinci, ya yi wanka kafin ya ɗauki ɗansa.

Aikin daki-daki

1. A cire wili daga mota. A sace iskar taya duka, a cire tayar, da bawul, da 'yan ƙarafan da aka maƙala a leɓe don daidaita nauyi.

2. A wanke taɓo da giris da sabulu, a bari ya bushe sarai. In an bar maiƙo, feshi zai tura shi cikin jikin ƙarfe, fenti ya ƙi kamawa.

3. A tabbata iskar inji ba ta ɗauke da ruwa ko mai. A buɗe ƙasan tankin iska a tsiyaye ruwan da ya taru. Abin feshi ma ya zama busasshe, in ba haka ba zai dunƙule ya toshe tiyo.

4. A riƙe bakin tiyo kamar taƙi ɗaya daga wili, a ɗan karkace shi. A riƙa tafiya da hannu, kada a tsaya wuri ɗaya, musamman a kan alminiyam, don kada a ci rami. A bi ciki da waje, a kula da leɓe.

5. In an gama, a hure ƙurar a cikin akwati, a fito da wili wurin haske a duba shi.

Wannan dubawa ita ce babbar ribar aikin, gama yanzu ba abin da ya ɓuya. A duba kewayen ramukan noti, nan tsaga ta fi fitowa. A duba ko ramukan sun buɗe sun bar siffarsu. A duba ko tsatsa ta ci leɓe ya yi siriri. Wilin da ya tsage, ko wanda tsatsa ta cinye, a jefar da shi cikin tsofaffin ƙarafa. Kada a rufe shi da fenti a sayar wa wani. Kuɗin wili ɗaya bai kai ran mutum ɗaya ba.

Ga wani gargaɗi ga masu walda. Kada a taɓa sa wuta a jikin wili alhali taya tana jikinsa, ko da an sace iskarta. Zafi yakan sa roba ta fid da wani tururi a ciki, taya ta fashe kamar bindiga, ta kashe na kusa.

Sabon fenti

Ƙarfen da aka wanke tsirara yake. Da damina, cikin 'yan sa'o'i sai ka ga ya fara ja. Da hunturu iska a bushe take, yakan ɗan jima, amma duk da haka kada a bari ya kwana. Kada kuma a taɓa shi da hannu ba safa, domin gumi gishiri ne da ruwa.

Fenti hawa-hawa ne. Da farko a sa na ƙasa, wanda ke kama ƙarfe ya hana tsatsa. Na ƙarfe dabam, na alminiyam dabam, a karanta abin da aka rubuta a jikin gwangwani. In ya bushe a sa mai launi. Shafi biyu ko uku marasa kauri sun fi ɗaya mai kauri, gama mai kauri yakan zuba, ya daɗe bai bushe ba. Na alminiyam akan ƙara masa wani mai haske kamar ruwa a sama.

Akwai kuma fentin gari, wanda ya yaɗu tun daga shekarun 1960. Shi ba ruwa a cikinsa. Ana fesa garin da wata bindiga mai lantarki, lantarkin ya sa ya manne wa wili. Sa'an nan a sa wilin a tanderu mai zafin awo 180 zuwa 200, watau kusan ninki biyu na zafin tafasasshen ruwa, har minti 10 zuwa 20. Garin ya narke ya zama fata ɗaya mai tauri. Wannan ya fi jure dukan tsakuwa, amma sai wurin da ke da kayan aikinsa. Kada a gasa shi a tanderun burodi.

Ko wane iri aka sa, akwai wuri biyu da ba a so fenti ya yi kauri: bayan wili inda yake kwanciya a jikin mota, da bakin ramuka inda noti ke zama. A manne su da salatif kafin a fesa mai launi. In fenti ya fi takarda kauri a nan, za a ɗaure noti a ga ya yi tam, amma da birki ya yi zafi sai fentin ya yi laushi ya lotse, noti ya saki. Da haka ƙafar mota ke fita a kan hanya.

Mayar da wili

A bari fenti ya bushe sosai kafin a sa taya. A sa sabon bawul. A kai wa masu inji su daidaita nauyin ƙafar, don kada sitiyari ya riƙa rawa. Wajen ɗaure noti kada a bi su a jere. A ɗaure wannan, a tsallaka a ɗaure na daura da shi, har a gama, don wili ya zauna daidai. Bayan tafiyar kilomita 50 zuwa 100 a tsaya a sake gwada kowane noti.

In babu inji

Yawancin garuruwa ba su da injin feshi. Wannan bai hana a kula da ƙarfe ba. Buroshin waya da samfefa suna yin aikin, sai dai haƙuri. A fara da samfefa mai kaushi, a gama da mai laushi. A riƙa jiƙa ta da ruwa don kada ƙura ta tashi. In an ga farin ƙarfe a goge da tsumma, a shanya a rana ya bushe, a sa fentin ƙasa nan take. Haka za a yi wa ƙafar amalanke, da garmar shanu, da ƙofar ƙarfe.

In kuwa ɗanku ko ƙanenku ya tafi birni ya sami aikin feshi, ku tambaye shi abu biyu: me suke zubawa a tukunyar, kuma me yake sawa a kansa? In ya ce yashin rafi ne, da ƙyalle a hanci, ku karanta masa wannan darasi.

Tambayoyi

1. Waɗanne abubuwa uku ne ke haɗuwa su kawo tsatsa?
2. Yaya za ka rarrabe wilin ƙarfe da na alminiyam?
3. Don me aka hana feshi da yashi? A wace shekara Ingila ta hana?
4. Me ya sa ƙyalle a hanci bai isa ba?
5. A ina ne ba a so fenti ya yi kauri, kuma don me?
6. Daga 1870 zuwa 1949 shekara nawa ke nan?